Tsintsiya a Bayan Ƙofa

Ni da hannuna na rataye madubin nan, ku riƙe wannan tun yanzu, don in an zo rabon laifi kada wani ya ce ni Yelba na zame.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, a Masatepe nake, garin da in ka jefa dutse sama a kan kafinta zai faɗo. Gidanmu tun zamanin kakana marigayi Don Eusebio kujera muke yi, kujerar lilon nan da duk ƙasar ake kira kaka, tunda tsofaffi ne suka fi manne mata. Babu gidan da ba shi da kaka biyu ko uku. Rana na yin sanyi kowa zai jawo tasa bakin titi, ya zauna yana lilo yana auna masu wucewa. Kawu Toño ne ke riƙe da shagon yanzu. Ni kuwa karatun tsara ɗaki na yi a Managua, babban birnin ƙasarmu, na dawo, aikina in shiga gidan mutum in ce masa labulen nan bai dace da bangon nan ba, ya biya ni kuma ya yi godiya.

A gidanmu ne kaɗai maganata ba ta da kasuwa. Sai da na yi ta naci kafin Mama ta sakar min falo. Ranar kuwa na yi son raina. Na kwashe furannin roba da suka yi ƙura tun ina firamare, na sauke kalandun shekarun da suka wuce, na shafe bango da fenti ruwan madara, na bar guda ɗaya kore shar. Na rataye fitila mai saƙar kaba daga sama, na shimfiɗa ɗan kafet launin ƙasa. Sannan na sa Kawu ya yi min ƙaton madubi zagayayye, na kafa shi a bangon da ke fuskantar ƙofa don ya jawo hasken titi ciki.

Kaka Chepita, mahaifiyar Mama, ta zo da sandarta ta tsaya gabansa ta daɗe tana kallo.

"Wannan abin ai munafuki ne," ta ce. "Duk abin da ke cikin ɗaki sai ya gaya wa titi."

"Haba Kaka, yayi ne."

"Munafunci ma ai yayi ne, 'yar nan."

Dariya na yi na wuce. Abu ɗaya ne ban taɓa ba a falon, kujerar Don Eusebio da ke kusurwa. Tun da ya rasu babu wanda ya zauna a kanta. Duk Asabar Kaka za ta goge ta da mai har sai ta yi sheƙi, ita kanta kuma tun rasuwarsa ba ta zuwa ko'ina sai coci ta dawo.

Yanzu bari in gaya muku yadda ake zama a ƙofar gidanmu, don a nan maganar take. Kaka da kujerarta, Mama da tata, ni da tawa. In baƙo ya zo Mama tana yi da shi, sai ta aika shago a ɗauko masa sabuwar kaka mai ƙamshin katako. In ba ta yi da shi, akwai wata farar kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya, ita ce rabonsa. Duk unguwar sun san wannan, har maƙwabta kan leƙo su ga wace aka fitar.

Likita Noel sabuwar kaka ake fitar masa. Likitan haƙori ne a Managua, ɗan ƙawar Mama, kuma ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne. Matsalarsa ɗaya, in ya fara magana sai ka nemi wurin zama. Ya gina sabon gida ya ba ni aikin tsara ɗakin kwanansa, ni kuwa na zage na yi masa aiki: gado faffaɗa mara tsayi, kan gadon saƙar gora har kusa da silin, fitilu biyu masu rataye maimakon na kan tebur, labule launin toka mai kauri, durowa a cikin bango yadda ba za ka san tana nan ba. Amma kullum sai wayata ta yi ƙara.

"Yelbita, ki zaɓi zanen gadon kamar ke za ki kwanta a kai."

"Wane gefe kika fi so, na taga ko na ƙofa? Don in san inda za a sa soket."

Mama in ta ga saƙon nan sai ta dafe ƙirji. "Kin gani? Mutum ya gina gida yana tambayarki inda zai sa soket, me kuma kike nema a duniya?"

Abin da nake nema yana garin Catarina da ke kusa da mu, cikin tukwanen fure. Bayardo sunansa, yana da lambun sayar da dashe a bakin hanyar shiga garin. Mun haɗu lokacin da nake shirya farfajiyar wani masauki a gefen tafki, shi ya kawo shuke-shuke, ni na jera kujerun waje. Na ce ya gwada min ɗaya ya ji ko tana da daɗin zama. Na juya na dawo na tarar ya yi barci, hula a fuska, baki a buɗe. Da ya farka ko kunya bai ji ba, ya ce, "Kin ce in gwada, na gwada tsakani da Allah." Tun ranar zuciyata ta ƙi komawa inda take. Har odar kaka ɗaya ya yi a shagonmu, wai don mazan da ke rako matansu sayen fure su samu wurin zama su yi haƙuri. Ni dai na san dalilin zuwa unguwarmu yake nema, Kawu Toño ma ya gane, shi ya sa yake ta jan aikin.

Mama cewa take, "Mai fure? Mutumin da hannunsa kullum yana cikin taki?" Da ƙyar da magiya ta yarda ya zo gaisuwa ranar Lahadi da yamma, zuwansa na farko a gaban manya. Na yi ta murna. Ashe ta gayyaci likita cin abincin rana a wannan Lahadin, ba ta gaya min ba sai da na ji tsayuwar motarsa.

Ya shigo cikin farar riga da takalmi babu safa, turarensa ya riga shi isowa falo. Mama ta dafa miyar tumbi irin ta garinmu, da rogo da ayaba da masara a ciki, ya sha kwano biyu yana yabo. Aka fito ƙofar gida aka ba shi sabuwar kaka, ya miƙe ƙafa ya fara. Daga labarin kan gadon da na tsara masa ya koma na injin wanke haƙori da ya sayo, daga nan ya koma kan gadon. Ya fito da waya yana nuna wa Kaka hoto.

"Doña Chepita, kalli kan gadon nan, babu irinsa a Managua."

Kaka ta kalla ta gyaɗa kai. Da ya juya wajen Mama sai ta matso kunnena. "Gadon dai yana da kai, mai gadon ne ba shi da kan gado."

Na danne dariya, na waiga titi. Rana tana ta sauka, ni kuma na riga na sa doguwar rigata ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni, na ɗaure gashi, na sa 'yan kunnen azurfa da Bayardo ya taɓa cewa suna yi min kyau. Wayata ta yi ƙara a cinyata, Bayardo ne: "Na rufe lambu, wanka zan yi in taho. Gabana faɗuwa yake, ki yi min addu'a." Na kalli likita, ya gyara zama kamar a nan zai kwana. Idan Bayardo ya zo ya same shi a sabuwar kaka, shi kuma aka miƙa masa ta roba, ina zan sa fuskata?

Kaka ta tashi ta ce za ta sha ruwa, ta shiga ta fito. Ba a jima ba wayar likita ta yi ƙara, wai wani yaro ya faɗi a keke ya fasa haƙora. Ya miƙe yana ba da haƙuri, Mama ta raka shi har mota da ƙullin alewar madara. Na sauke ajiyar zuciya. Kaka kuwa lilo kawai take tana kallon sama, fuskarta kamar ta waliyyiya.

Mama tana dawowa ta sa aka mayar da sabuwar kaka shago, ta jawo ta roba da kanta ta dangwarar.

Bayardo ya iso cikin shuɗiyar riga da ta sha guga har tana tsayawa da kanta, ya kankare faratansa tas, yana rungume da tukunyar ƙasa mai ɗan dashen fure fari. Ya gaishe da Kaka, ya gaishe da Mama, ya miƙa mata tukunyar da hannu biyu.

"Doña Chilo, ga wannan, ba ya son rana da yawa."

"An gode. Ajiye can."

Ya kalli kujerar roba, ya kalle ni, ya yi ɗan murmushi ya zauna a hankali don kada wayar ta tsinke. Na kawo masa pinolillo, abin shanmu na garin gasasshiyar masara, mai sanyi a ƙoƙo. Mama ta fara tambayoyinta, su waye iyayensa, lambun nasa ne ko na haya, yana zuwa coci ko sai Kirsimeti. Yana amsawa tiryan-tiryan, har ya ba Kaka dariya da labarin wata mata da ta dawo masa da fure wai ya ƙi gaishe ta da safe. Na fara cewa a raina yau dai an dace.

Sai na ga ya ɗaga kai ya kalli cikin falo ta ƙofar da ke buɗe. Maganar da ke bakinsa ta tsaya. Ya kalli Mama, ya sunkuyar da kai, ya ɗan danna wayarsa. Ya shanye abin da ke ƙoƙon a kurɓi ɗaya ya miƙe.

"Zan koma, Doña Chilo. Na gode da karɓa."

"Tun yanzu?" na ce. "Ko zama ba ka yi ba."

"Na zauna daidai gwargwado, Yelba."

Ko kallona bai yi ba. Na bi shi har bakin motarsa ta ɗaukar dashe ina tambayar me ya faru, ya ce babu komai, ya ja ya tafi. Ina tsaye a titi kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi sai saƙonsa ya shigo. Hoto ne, babu rubutu. Madubina ne zagayayye kyakkyawa, a cikinsa ga bayan ƙofarmu ɓaro-ɓaro, ga tsintsiya a jingine, sandarta ƙasa kanta sama.

Kun san dai abin da tsintsiya a kife a bayan ƙofa take nufi. Baƙo ya ishe mu, Allah ya tashe shi. Tun kakannin kakanni ake yi, kuma duk daɗin abin shi ne baƙon ba ya gani. Ni ce na zo da ilimina na Managua na kafa mata madubi.

Na faɗa falo na fizgo ta, na fito ina kuka.

"Mama, me ya yi miki? Kujerar roba ba ta ishe ki ba sai kin kife masa tsintsiya?"

Mama ta zaro ido. "Ke, ki iya bakinki! Ni in ba na son mutum a fuskarsa nake nuna masa. Da na ba shi ta roba ɓoyewa na yi? Me zan yi da tsintsiya?"

"To wa ya sa ta? Da ƙafarta ta je?"

Ƙarar lilon Kaka ta tsaya. Muka juya gaba ɗaya.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Amma ba don shi ba. Don mai haƙoran nan na kife ta, kunnena ya gaji. Ta kuwa yi aiki, kun gani da idonku. Sai na manta ban sauke ba."

"Mama!" Mama ta dafe kai tana kallon Kaka. "Likitan kika kife wa tsintsiya? Ɗan Doña Mirna?"

"Ko ɗan bishop ne. Mutum tun rana tana tsaka yake maganar gado a gaban tsohuwa."

Da wani lokaci ne da na yi dariya har na faɗi. Amma na ga Kaka ta kasa haɗa ido da ni. Na shige ɗaki na rubuta wa Bayardo komai, daga miyar tumbi har yaron da ya faɗi a keke. Ya karanta. Sai can ya amsa.

"Ba sai kin rufa musu asiri ba, Yelba. Na ga kujerar na haƙura, na ce da sannu. Amma gidan da ake roƙon Allah in tashi, ba zan koma in takura musu ba. Ke ba ki yi min komai ba."

Na kira bai ɗauka ba. Na tura saƙon murya, na tura rantsuwa, shiru. Kuma in kun duba, wa zai yarda? Tsintsiyar da aka kife don wani, wanin ya tafi, kai ka zo ka same ta tana jiranka. Ni ma da ni aka ba labarin, cewa zan yi an shirya shi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san me nake ci ba. Na je gidan likita na sa aka rataye labule, ya sake tambayata maganar gefen gado, na ce, "Likita, ɗakin naka ne, ka zaɓi gefen da kake so. Ni aikina ya ƙare a bakin ƙofa, ba zan taɓa kwana a cikinsa ba." Karo na farko tun da na san shi, bai ja magana ba. Ya ce ya gode da na faɗa masa gaskiya. Mama da ta ji ta daina yi min magana sai da ido. Furen da Bayardo ya kawo yana nan inda ya ajiye shi, amma na lura wani yana ba shi ruwa yana kuma janye shi daga rana, kuma ba ni ba ce.

Ranar Alhamis da safe Kaka ta kira ni ɗakinta. Na same ta ta sa baƙar rigarta mai ɗigo-ɗigon fari, wadda take ajiyewa don manyan bukukuwa, ta shafa hoda, ta yafa mayafi.

"Yaron nan ba ya yi odar kaka a shago ba?"

"Ya yi, Kawu bai gama ba."

"Rubuta masa ki ce yau za a kawo masa kaka."

"Kaka, ko fenti ba a yi mata ba."

"Na ce ki rubuta. Ƙarya za ki yi?"

Na rubuta: "Kawu Toño zai kawo maka kaka yanzu da safe." Amsa ta zo a bushe: "To. A ajiye ƙarƙashin mangwaro."

Ina fitowa na ga abin da ban taɓa zaton gani ba. Kawu da ma'aikatansa sun fito da kujerar Don Eusebio daga kusurwarta, sun ɗora a bayan motar shago, suna ɗaure ta da igiya ta kowane gefe. Kaka ta ce a ɗaga ta. Kawu ya ce, "Mama, ki shiga gaba mana, ga wuri." Ta ce, "An ce masa kaka za a kawo, a bayan mota ake kai kaka." Haka suka ɗaga ta cak suka zaunar a kujerar da ta hana kowa taɓawa. Ta buɗe lema, ta ɗora tsintsiyar nan a cinya, ta ce a tafi.

Mama ta fito da ludayi a hannu. "Toño, in ka kayar min da uwa, kada ka dawo garin nan!"

Na hau baya na riƙe kujerar. Kawu yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu babur suna wuce mu suna waiwaye. Duk wanda ke ƙofar shagonsa sai ya saki abin da yake yi. "Doña Chepita, ina zuwa haka?" Ita kuwa tana ɗaga musu tsintsiya kamar sarauniyar biki. "Sayar da ni za a yi, ku taya!" Ni kunya kamar in nutse, ga dariya, ga tsoro. In muka je ya ƙi fa? Tsohuwar nan da ta yi shekaru ba ta wuce coci ba, in ya juya mata baya, da wane ido zan kalle ta?

Muka isa Catarina. Lambun Bayardo yana nan yadda na san shi, tukwane jere-jere har bakin titi, ja da rawaya da shuɗi, ƙasa a jiƙe tana ƙamshi. Yana can ciki da tiyo a hannu, tsohuwar riga duk laka. Ya ji tsayuwar mota bai ko juyo ba.

"Don Toño, a sauke ta can ƙarƙashin mangwaro."

"Sai dai ka zo ka kama," in ji Kawu. "Wannan tana da nauyi, kuma tana cizo."

Ya juyo. Tiyon ya faɗi daga hannunsa yana ta feshi a kan takalminsa.

"An ce ka yi odar kaka," Kaka ta ce daga sama. "To ga ta. Tsohuwar yayi ce, ƙafa ɗaya tana ƙara, kuma in an saya ba a mayarwa."

"Doña Chepita..." Ya goge hannu a wando ya zo da gudu, shi da Kawu suka kwance igiya suka sauke ta da kujerar gaba ɗaya, suka ajiye a inuwa. Ta gyara mayafi ta nuna masa wani bokiti a kife.

"Zauna, ɗana. Yau ni ce baƙuwa, ka duba bayan ƙofarka in kana so."

Ya zauna kansa a ƙasa.

"Tsintsiyar nan ni na kife ta, ba Chilo ba. Don mai haƙora na kife, saboda in ya tafi kai ka samu wuri. Tsufa ya sa na manta da ita, madubin yarinyar nan kuma ya kai gulma. Ban zo da rantsuwa ba, na zo da ƙafata, ka san kuma ba ta zuwa ko'ina." Ta miƙa masa tsintsiyar. "Riƙe. A gidanmu ta gama aiki, ka share ganye da ita."

Ya karɓa da hannu biyu.

Kaka ta shafa hannun kujerar. "Ka san wannan? Lokacin da Eusebio yake nemana, uwata ba ta son ganinsa, wai kafinta ne, kansa kullum da garin katako. Shi da gaske aka kife masa tsintsiya, ba kuskure ba, kuma ko kujera ba a ba shi, a tsaye yake gaisuwa. Sai ya ɓace. Na yi kuka na ce shi ke nan. Ashe wannan yake yi. Ranar wata Lahadi ya taho da ita a ka, ya ajiye a ƙofar gidanmu ya ce tunda babu wurin zamansa ya zo da nasa. Ya zauna. Haka ya yi ta zama har tsintsiyar ta gaji."

Ban taɓa jin labarin nan ba, Kawu ma na ga ya juya yana goge ido da hularsa.

Ta miƙa hannu na taimaka mata ta tashi. "A nan zan bar ta. Ba kyauta ba ce, kada ka yi murna. Ranar Lahadi ka dawo min da ita da kanka, ka ajiye a ƙofar gida ka zauna a kai. In ba ka zo ba, to ka sani ka raba tsohuwa da kujerar mijinta."

Ta kama hannun Kawu suka nufi mota, wannan karon ta yarda ta shiga gaba. Aka bar ni da shi, ga ruwa yana ta malala a ƙasa babu wanda ya tuna ya kashe.

"Doña Chilo fa?" ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Mama ba ta kife maka tsintsiya ba, amma ba ta buɗe maka hannu ba tukuna. Likita dai na sallame shi. Ni kuma ina sonka, Bayardo, kuma ina so ka zo, ko a ƙasa za a zaunar da kai."

Ya daɗe yana kallona. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya tsinko wani ɗan fure ja ya saka min a gashi da hannunsa mai laka, ya ce in tafi kada Kaka ta gaji da jira.

Daga ranar har Lahadi ko saƙo ɗaya bai turo ba. Kusurwar falo ta zama fayau, Kaka kan tsaya ta kalli wurin ta wuce. Asabar ta zo, na gan ta da kwalbar mai da tsumma a hannu, ta tsaya, ta mayar. Abin ya tsaya min a rai.

Lahadi da yamma muka fito da kujeru kamar kullum. Maƙwabta kuwa kowa ya jawo tasa kusa, har waɗanda ba su saba zama a waje ba, tunda labari ya gama gari. Mama ta ɗauko ta roba ta dangwarar a inda ta saba, ta zauna ta harɗe hannu. Ni na kasa zama. Na koma falo na tsaya a gefe, inda nake hango kan kwanar titinmu a cikin madubi ba tare da kowa ya ga ina leƙe ba. Munafukin ya yi min rana.

Keke ya wuce. Mai sayar da burodi ya wuce. Rana ta fara ja.

Sai na ga wasu ƙafafu biyu masu lanƙwasa sun ɓullo daga kwana, suna tafe a sama. Ba a mota ya kawo ta ba. A kwana ya ajiye motar, ya ɗoro kujerar a ka, yana tafe a tsakiyar titi cikin shuɗiyar rigarsa, duk unguwa tana kallo. Kaka ta daina lilo ta rufe baki da mayafi.

Na fito da gudu na tsaya a bakin ƙofa. Ya iso ya sauke ta a hankali kusa da ta Kaka, yana haki, ya cire hula ya gaishe su. Bai zauna ba. Ya tsaya tsakanin kujerar Don Eusebio da ta roba yana kallon Mama.

Mama ta kalli kujerar mahaifinta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe, ta ɗauki ta robar ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

"Kai wannan bayan gida, ki ɗora kofi." Ta juya gare shi. "Kai kuma zauna, ka sha hanya. Furen da ka kawo ganyensa biyu sun yi rawaya, za ka gaya min dalili. In mun gama da wannan, ina da wata maganar."

Na shiga ciki rungume da kujerar roba. Ina ɗora tukunya na ji wata ƙara daga waje, ƙarar da gidanmu ya yi shekaru bai ji ba. Kujerar kakana ce take lilo.